Tahdis Ya Tsaya, An Ce Wuri Ya Cika: Me Za A Goge, Me Za A Bari?

Saƙonnin da suka iso mana a 'yan kwanakin nan, na rubuce da na baka, da dama daga cikinsu magana ɗaya suke yi. Wani daga wani ƙauye a gefen Suki ya ce wayarsa ta kwana tana jawo tahdis, da gari ya waye ta ce masa babu wuri, alhali kuwa rasidinsa ya ƙare ƙarƙaf. Wata malama daga Damazin ta ce laftof ɗin makarantarsu ya kai kashi 60 da wani abu, ya tsaya cik, ya koma inda ya fito, ya bar mata wata doguwar lamba a kan allo. Na uku shi bai aiko da tambaya ba, labari ya aiko. Ya kai wayarsa kasuwa, yaron shago ya ce ba ta da magani sai furmata, aka yi, wuri ya samu, amma hoton takardar gonar mahaifinsa ya tafi, ita kuwa takardar ta asali ta ƙone tun a rikicin 2022.

Tahdis, ga wanda bai saba da kalmar ba, shi ne abin da 'yan uwanmu na Kano da Maraɗi ke kira sabunta manhaja, watau gyare-gyaren da kamfani ke aikowa ta intanet domin toshe ɓaraka a cikin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, Android ce a waya ko Windows a kwamfuta. Ba abin mamaki ba ne da wannan matsala ta yi mana yawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023, sannan shabaka ta ɗauke a mafi yawan ƙasar nan cikin Fabrairu 2024, na'urori da yawa sun yi wata da watanni ba su ga intanet ba, wasu ma binne su aka yi a cikin buhun dawa. Bayan an buɗe Sinja a Nuwamba 2024, aka buɗe Madani a Janairu 2025, jama'a suka soma komawa gidajensu, aka kakkaɓe na'urori aka kunna, sai bashin gyaran shekara ɗaya ko biyu ya taso musu a rana guda.

Daɗin daɗawa, waya ta daina zama abin hira kawai a wurinmu. Canjin takardun jine 500 da 1000 da aka fara a Disamba 2024 ya sa wanda bai taɓa shiga banki ba ya buɗe asusu, Bankak da 'yan uwansa suka zama aljihun mutane. A cikin wayar nan ce hoton raƙam waɗani yake, da shahadar yara, da takardar hawasha, da muryar tsohuwar da ta rasu a hanya. Mu da muka san yadda ake tsayar da Bahaushe a ce ya kawo shaidar kakansa, ba sai an gaya mana darajar hoton takarda ba. Saboda haka ni a wurina neman wuri ba shi ne abu mai wuya ba. Abu mai wuya shi ne a samu wurin ba tare da an yi garin neman gira an rasa ido ba.

To, da farko bari mu fahimci abin da ya sa na'ura take ƙorafi. Mutum yakan ce, tahdis ɗin giga 2 ne, ni kuwa ina da giga 3 a sake, don me za ta ce bai isa ba? Ka ɗauka za ka sake yaɓen ɗaki da daɓe. Kana bukatar inda za ka sauke ƙasa da bunu, kana bukatar filin da za ka kwaɓa, kana kuma bukatar inda za ka fitar da gado da akwatuna ka ajiye su har ɗaki ya bushe. Haka na'ura take yi. Tahdis yana zuwa ne a matse kamar ƙullin auduga, sai ta kwance shi, in ta kwance kuwa ya kumbura. Sannan ba ta yarda ta rushe tsohon gini sai ta ajiye kwafinsa a gefe, domin in wuta ta ɗauke ko aiki ya ɓaci ta samu inda za ta koma. Ka ga wuri uku ke nan ake nema, kai kuwa ɗaya ka lissafa. Wayoyin Android tun daga na 7, wanda ya fito a 2016, da yawansu suna da gurbi biyu na babbar manhaja, ana gyara ɗaya kana aiki da ɗaya. Daga Android 11 a 2020 aka sake dabara, wayar kan ari wuri daga cikin rabonka kai mai waya ta yi aikin, in ta gama ta mayar maka. In rabon naka a cike yake, ba ta da inda za ta ara.

Akwai kuma lambar da aka rubuta a jikin kwali, wadda ba ita ce za ka tarar a ciki ba. Masu ƙera ma'adana suna ƙirga da dubu-dubu, kwamfuta kuwa tana ƙirga da 1024, saboda haka abin da aka sayar maka a giga 32 Windows zai nuna maka shi bai cika 30 ba, na 500 kuma ya tsaya a 465. Daga ciki babbar manhaja da abubuwan da kamfani ya cusa za su ɗebi nasu kason. Waya mai giga 32 ba ta cika barin wa mai ita fiye da 20 da 'yan kai ba tun ranar da aka ɓare ta. Ba yaudara ba ce, bambancin mudu ne, irin na kasuwar Sannar da ta Gadarif.

Mu fara da waya, tunda ita ce a hannun kowa. Kafin ka goge ko da abu ɗaya, fitar da abin da ba ya da madadi. Hotunan takardu ka tura wa ɗan uwa biyu da ba gari ɗaya suke ba, ka kuma tura su a matsayin mustanad ba a matsayin hoto ba, domin WhatsApp yana rage ƙarfin hoto, har hatimi da ƙananan rubutu su dushe. In ka shiga gari ka buga su a takarda. Wannan aikin rabin sa'a ne, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Bayan haka ka shiga i'idadat, ka nemi takhzin, ka bar wayar ta gaya maka da bakinta wane ne ya cinye wurin. Kada ka yi ta zato. A wayoyin da ake kawo mini a ɗakin malamai, ɓarawon kusan kullum ɗaya ne, shi ne WhatsApp, ko in ce mu ne da ƙungiyoyinmu. Ƙungiyar dangi, ta 'yan gari, ta masallaci, ta malaman unguwa, ta tsofaffin ɗalibai, kowace safiya bidiyon barka da asuba ɗaya zai shigo ta ƙofa biyar, kowane kuma ya nemi wurin kwanansa. Tun a Nuwamba 2020 WhatsApp ya sa wani sashe domin wannan. Ka shiga i'idadat ɗinsa, ka taɓa takhzin wal-bayanat, ka buɗe na sama. Zai ware maka duk abin da ya wuce mega 5, da abin da aka yi ta yaɗawa hannu zuwa hannu, sannan ya jero maka ƙungiyoyi daga mai nauyi zuwa mara nauyi. Nan za ka yi shara mai yawa ba tare da ka taɓa hirar kowa ba. Abin da aka yaɗa sau da yawa ba ya ɓata a duniya, in ka goge naka yana wayar maƙwabcinka. Muryar mahaifiyarka kuwa a wayarka kaɗai take, saboda haka in ka zo kan hirar mutum ɗaya ka sassauta hannu, ka duba ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka fita daga wurin ka kashe saukewa da kanta, ta yadda bidiyo ba zai sauka ba sai ka taɓa shi. Wannan kaɗai zai rage maka kuɗin baƙa.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne su goge hotuna ɗari biyu su duba su ga wuri bai ƙaru ba. Dalili shi ne yawancin wayoyin yanzu suna da kwandon shara, sallat al-mahzufat, inda abin da ka goge yake zama kimanin kwana 30 ko za ka sake shawara. Yana nan da nauyinsa. Sai ka shiga kwandon ka zubar sannan wuri ya fito. Ka leƙa shi da kyau kafin ka zubar, domin daga nan babu dawowa.

Yanzu mun zo inda nake roƙon mai karatu ya natsu, domin a nan ne ake yin asara. In ka buɗe kowace manhaja a cikin i'idadat za ka ga maɓalli biyu kusa da juna. Ɗaya yana cewa a share zakira mu'aƙƙata, ɗayan yana cewa a share bayanat. A ido kamar tagwaye suke, a aiki kuwa tsakaninsu kamar sama da ƙasa. Kowa a Jazira ya san yadda laka ke taruwa a abu ishrin har ruwa ya kasa isa hawashar ƙarshe. Zakira mu'aƙƙata ita ce wannan lakar. Guntattakin hotuna da bidiyo ne da Facebook da TikTok da Telegram da Chrome suke tarawa don su yi saurin buɗewa. Yashe ta ba ya cutar da komai, kuma za ta sake taruwa, kamar dai lakar. Bayanat kuwa ita ce hawashar kanta da shukar da ke cikinta. In ka share bayanat na WhatsApp, ka fita daga cikinsa, hirarrakinka kuma ba za su dawo ba sai in akwai ajiyayyen kwafi. In ka share na manhajar banki, za ta ɗauke ka baƙo, ta nemi ka sake gabatar da kanka, ta aiko da lambar sirri zuwa sharihar da ka buɗe asusu da ita. To, in sharihar ta ɓata a gudun hijira, ko da sunan wani aka yanke ta, ko shabakar kamfanin ba ta kama a ƙauyenku, kuɗinka yana nan amma hannunka ba ya kai wa gare shi sai ka yi tafiya zuwa reshen banki. Shawarata ita ce manhajar banki da WhatsApp kada ka taɓa musu maɓalli na biyu, kada kuma ka cire su don neman wuri. In dole sai an cire wani abu, a cire wasannin yara da manhajojin da aka manta da su, ana iya dawo da su.

Su kuwa manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka, waɗanda ke cewa za su wanke waya su ƙara mata gudu, ban ga amfaninsu ba. Abin da suke gogewa kai ma za ka iya da yatsanka, su kuma su cika ka da talla, su ci batir, su ci wurin da suka zo nema maka. In kana son mataimaki, Files na Google ya wadatar, yana nuna hotunan da suka maimaitu da manyan fayiloli, yana kuma tambayarka kafin ya goge.

Katin zakira yana taimako, amma a san iyakarsa. Babbar manhaja ba ta kwance kayanta a kan kati, cikin waya take nema. Amfanin katin shi ne ka kwashe bidiyo da karatu da waƙoƙi ka mayar can, ciki ya samu sarari. Wasu wayoyin in ka sa kati za su tambaye ka ko na ɗauka ne ko a haɗe shi da cikin waya. Zaɓi na ɗauka. In ka haɗe shi, wayar za ta kulle katin da mabuɗin da ita kaɗai ta sani, ranar da ta faɗa ruwa katin ya zama ɓawon gyaɗa, babu wata na'urar da za ta karanta shi. Sannan a yi hattara da kati da filasha na jabu. Za a rubuta 64 a jiki, na'ura ma ta nuna 64, alhali ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Yana karɓar duk abin da ka zuba masa ba musu, amma yana taka na farko da na baya, sai ranar da ka buɗe ka tarar da sunaye babu komai a ƙarƙashinsu. Araha ba ta ado. Mai kwamfuta yana iya gwada shi da wata 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw. Wanda ba shi da ita ya cika katin da bidiyo har bakinsa, sannan ya koma ya buɗe waɗanda ya fara zubawa. Kada ka goge na cikin waya sai ka buɗe kwafin da idonka ka ga yana aiki.

Game da ajiya a Google, kyautar giga 15 ce, kuma Gmail da Drive da Photos duk daga tukunya ɗaya suke ci. Tun farkon 2024 kwafin WhatsApp ma ya shiga cikin lissafin. Amma tambayar da nake yi wa duk wanda ya ce mini kayansa suna Google ita ce, ka san kalmar sirrin? Da yawanmu yaron shago ne ya buɗe mana asusun ranar da muka sayi waya, ya rubuta a bayan rasit, rasit ya bi iska. Ajiyar da ba ka da mabuɗinta ba taka ba ce. Haka kuma tun Disamba 2023 Google ya ba kansa damar rufe asusun da aka yi shekara 2 ba a shiga ba. Wannan kalmar sirri ita ce kuma za ta tare ka bayan furmata, domin waya in an wanke ta ta bayan gida takan ƙi buɗewa sai an sa mata asusun da ke kanta a da. Furmata dai ita ce ƙarshen magani, ba farkonsa ba, kuma ban taɓa ganin cikar wuri da ta wajabta ta ba. Yaron shago yana son ta ne don ta fi sauri, ga layi na jiransa.

Mu koma kan kwamfuta, musamman ta makarantu da ofisoshin lijan, inda sunayen ɗalibai da makinsu suke. Lambar da malamar Damazin ta gani ita ce 0x80070070, ma'anarta kuwa ba ta wuce faifai ya cika ba. Abu na farko, buɗe ka ga faifai nawa ne. Masu shago sun saba raba faifai gida biyu, C da D, su ba C ɗan kaɗan. Windows a kan C yake zaune, kuma duk abin da ka ajiye a fuskar allo, da cikin Documents, da Downloads, a kan C yake, ko da D yana nan fanko kamar rumbun bazara. Sau da yawa kwashe bidiyon bikin makaranta daga fuskar allo zuwa D ya isa ya warware matsalar.

In bai isa ba, akwai mai shara na cikin gida, sunansa Disk Cleanup, a Larabce tanzif al-ƙurs. Ka buɗe shi, ka taɓa maɓallin share fayilolin nizam, zai kawo ragowar tsofaffin tahdis da fayilolin wucin gadi da kwandon shara. Waɗannan a share su ba fargaba. Ka dai lura, a wasu kwamfutocin Downloads yana fitowa a jerin, ka tabbata ba a sa masa alama ba, domin mutane da yawa can suke ajiyar dindindin ba su sani ba. Za ka iya ganin wata jaka mai suna Windows.old, wadda takan kai giga 10 ko 20 ko fiye. Ita ce akwatunan da aka fitar waje lokacin yaɓe, watau tsohon Windows ɗinka. Kwana 10 ake ba ka ka koma masa in sabon bai yi maka ba, bayan haka ya share kansa. In firinta tana aiki, manhajar maki tana buɗewa, to ka sallame shi ta hanyar mai sharar. In yau aka yi tahdis, ka ba shi kwana biyu tukuna.

Abin da ba a taɓawa da hannu shi ne cikin jakar Windows kanta. Za ka ga wata mai suna WinSxS ta yi ƙiba, zuciya ta ce maka ga ɓarawon. Kada ka kusance ta, haka ma System32. Ginshiƙan ɗaki ne, wanda ya cire su don ya samu wurin shimfiɗa tabarma rufi zai faɗo masa. Akwai kuma wani ɓoyayyen fayil, hiberfil.sys, da ke cin giga da dama domin kwamfuta ta iya yin dogon barci ta farka inda ta tsaya. Masana kan kashe shi su samu wuri. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama ni na fi son a bar shi, ko a kashe shi na ranar tahdis kawai a mayar.

Ƙananan laftof masu giga 32, irin waɗanda ake rabawa kyauta ko a sayo da araha daga Saudiyya da Masar, su ne suka fi wahala. Microsoft da kanta ta ɗaga mafi ƙarancin wuri zuwa giga 32 a 2019, ta kuma soma keɓe kimanin giga 7 domin tahdis, ka ga ke nan gidan ya cika tun ba a shigo da kaya ba. Dabarar ita ce filasha mai giga 10 ko fiye a sake. In Windows ya ce yana bukatar wuri yakan ba da zaɓin a sa masa ma'adana ta waje, ya ajiye kayansa can na ɗan lokaci. Kada a zare ta sai ya gama ya tashi sarai. Amma a san cewa Windows 11, wanda ya fito a Oktoba 2021, giga 64 yake nema, da zakira giga 4, da wani guntun tsaro da tsofaffin kwamfutoci ba su da shi. Shi kuwa Windows 10 an daina aiko masa da gyaran yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin wa'adin da aka sanar ga wanda ya yi rajista. Masu shago suna da hanyar cusa 11 a kan na'urar da ba ta kai ba. A kwamfutar gida mutum ya yi abin da ya ga dama. A ta makaranta ban yarda ba. Gara ta zauna a kan 10 tana buga jarrabawa da lissafin maki, a rage shigar da ita intanet, a kuma hana kowa soka mata filashar da ba a sani ba.

Wani lokaci kuma faifai bai cika ba amma tahdis ya ƙi. A Janairu 2024 wani gyaran Windows 10 mai lamba KB5034441 ya yi ta faɗuwa a kwamfutoci da yawa a duniya da lambar 0x80070643. Wurin da ya yi ƙaranci wani ɗan ɓoyayyen sashe ne na faifai da ake ajiye kayan ceto, wanda ake so a samu mega 250 a sake a cikinsa. Ko ka goge duk abin da ka mallaka ba zai ƙaru ba, domin ba ɗaki ɗaya ba ne. Masu Ubuntu ma suna da irin wannan, ɗan sashen da ake kira /boot yakan cika da tsofaffin ƙwayoyin nizam, umarnin sudo apt autoremove kan kwashe su. Abin lura dai shi ne, in ka duba ka ga giga 50 a sake amma ana ce maka babu wuri, ka daina goge-goge, ka rubuta lambar daidai harafi da harafi, ka nemi wanda ya sani.

Wani zai ce, to don me ma za a yi tahdis ɗin, tunda na'ura tana aiki? Tambaya ce mai kyau, kuma ba kullum nake cewa a yi ba. Makon shigar da sakamakon jarrabawa ba lokacin yaɓen ɗaki ba ne, Windows yana bari a dakatar da shi har kwana 35. Amma wayar da kuɗi ke cikinta ba a barinta haka nan, domin ɓarakar da gyaran ya zo toshewa ɓarayi ma sun san da ita. Manhajoji kuma suna barin tsofaffin wayoyi a baya, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai na 5 ba tun Oktoba 2023.

In za a yi, a shirya masa kamar tafiya. A waya ka tanadi ninki biyu ko uku na girman da ta nuna maka. A kwamfuta, in babban tahdis ne na canjin nau'i, ni ba na farawa sai na ga giga 20 a sake a kan C. A nemi wurin kafin a taɓa maɓallin saukewa, ba bayan ya faɗi ba, domin wani lokaci in ya faɗi daga farko zai sake jawowa, wanda kuwa ya taɓa biyan kuɗin sa'a a wurin mai Starlink ya san zafin haka. Batir ya wuce rabi, caja tana jiki. Masu sola su fara da hantsi, ba da la'asar ba. In kwamfuta tana shan intanet daga wayarka, ka gaya wa Windows cewa layin mai awo ne, ittisal mahdud, don kada ya shanye maka baƙa cikin dare ba da saninka ba. In allo ya rubuta kada a kashe, ko ya yi sa'a biyu a kan kashi ɗaya a ƙyale shi, tsofaffin faifai masu juyawa haka suke da nawa.

Ga 'yan uwana malamai kuma, fayil ɗin sunayen ɗalibai da makinsu bai kai girman bidiyo ɗaya na barka da asuba ba. A kwafe shi a filasha biyu, ɗaya wurin shugaban makaranta, ɗaya wurin wani malamin da ba unguwa ɗaya suke ba, a kuma ci gaba da cika babban daftari na takarda kamar yadda aka koya mana a makarantar horon malamai.

Wanda ya ci karo da wata lamba da ban ambata ba ya aiko mana da ita tare da sunan na'urar da girman ma'adanarta. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba batun batir da cajin sola, domin shi ma tambayoyi sun taru a kansa.